Yadda ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki zai ƙalubalanci hukuncin hana shi diyya

Ma'aikacin da inji ya datse wa yatsu a masana'anta, ko birkilan da ya faɗo daga bene ya samu karaya a ƙashin baya, yakan shafe watanni yana dakon amsar takardar neman diyyar da ya shigar. Wani lokaci amsar takan zo da abin da bai zata ba: an ƙi amincewa da buƙatarsa baki ɗaya, ko kuma an yanka masa kuɗin da bai dace da girman naƙasar da ta same shi ba. Da yawa daga nan suke naɗe takardar su ajiye, su haƙura, alhali iyalinsu na cikin halin ƙunci.

Dokar ƙasa ta bar wa irin wannan mutum ƙofa a buɗe. Yana da kwana 180 da zai nemi a sake duba hukuncin, idan kuma bai gamsu ba yana da damar zuwa kotu. Abin da ke yanke makomar buƙatarsa a mafi yawan lokuta shi ne wa'adi da takardu: ranar da ya sanar, ranar da ya shigar, da kuma shaidar da ke hannunsa cewa ya yi hakan.

Tsarin diyyar da waɗanda ya shafa

A watan Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari, ma'aikacin da ya ji rauni kai-tsaye yake bin wanda ya ɗauke shi aiki domin karɓar haƙƙinsa. Sabuwar dokar ta kafa asusu guda da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kuɗi a ciki, ta kuma ɗora alhakin kula da shi a kan Asusun Inshorar Ma'aikata na Ƙasa, wato NSITF, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Dokar ta fara da umartar kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata. Ta kuma haramta cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Saboda haka ma'aikaci ba ya biyan ko sisi, kuma duk wanda ya ga ana zaftare masa kuɗi da sunan wannan asusu yana da hurumin yin ƙorafi.

Ma'anar da dokar ta ba kalmar ma'aikaci tana da faɗi. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da yarjejeniyar baka da wanda aka ɗauka a rubuce, da na dindindin da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da leburan da ake biya kullum, har da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Ta shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi, da kuma na kamfanoni masu zaman kansu. Sojoji ne kaɗai aka ware, ban da fararen hular da ke aiki tare da su.

Diyyar ba ta tsaya ga haɗarin da ya auku a cikin harabar wurin aiki ba. Ta haɗa da haɗari a hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cututtukan da sana'a ke jawowa kamar ciwon huhu daga ƙurar dutse ko gubar dalma, da kurumta sanadiyyar ƙarar injuna, da kuma wasu nau'o'in matsalar ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa.

Abin da ake biya

Idan rauni ya naƙasa ma'aikaci gaba ɗaya kuma har abada, doka ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata. Wanda ke karɓar naira 100,000 kafin haɗarin, alal misali, zai riƙa samun naira 90,000.

Idan naƙasar ta dindindin ce amma ba ta hana shi aiki kwata-kwata ba, ana ƙiyasta asarar da ya yi a kuɗin shiga, sai a biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan asara. A nan akan samu saɓani. Idan aka ƙiyasta asarar mutumin da aka ambata a kan naira 20,000, zai samu naira 18,000 a wata. Idan kuwa haƙiƙanin asararsa naira 50,000 ce, abin da ya kamata ya samu naira 45,000 ne. Tazarar naira 27,000 ce duk wata, wato naira 324,000 a shekara, kuma duk ta rataya ne a kan yadda aka rubuta rahoton likita da yadda aka karanta shi.

Ban da kuɗin wata-wata, doka ta ba asusun ikon ɗaukar nauyin magani da aikin tiyata, da sandunan dogarawa, da ƙafa ko hannun roba, da kuma horaswa domin mutum ya koma sana'a. Kowanne daga cikin waɗannan hukunci ne da ake yankewa, kuma ana iya ƙalubalantarsa, domin sashe na 55 na dokar ya ba wanda bai gamsu da kowane irin hukunci na hukumar ba damar neman a sake dubawa.

Wa'adi huɗu na farko

Kafin a zo ga ƙalubalantar hukunci, akwai ranakun da tun farko ake auna buƙata da su.

Na ɗaya, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14 da aukuwar haɗarin ko samun labarinsa. Ana iya sanar da manaja, ko mai kula da aiki, ko mai ba da agajin gaggawa na wurin. Abin da ake buƙata shi ne sunan ma'aikacin, da lokaci da wurin da abin ya faru, da bayanin raunin da musabbabinsa cikin harshe mai sauƙi.

Na biyu, mai ɗaukar aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana bakwai. Wannan nauyi a kansa yake, kuma ƙin yin hakan laifi ne a ƙarƙashin dokar.

Na uku, a shigar da takardar neman diyya a kan fom ɗin hukumar, da sa hannun ma'aikacin ko magajinsa, cikin shekara guda daga ranar rauni ko naƙasa ko mutuwa.

Na huɗu, idan akwai wani dalili na musamman da ya hana shigarwa cikin shekarar, hukumar na da ikon karɓar takardar har zuwa shekara uku.

Wanda aka ƙi buƙatarsa saboda bai sanar cikin kwana 14 ba, ya kamata ya san cewa dokar da kanta ta yi sassauci. Hukumar na iya amincewa idan ta gamsu cewa wurin aikin ya riga ya san da haɗarin, ko bayanin da aka bayar ya wadatar duk da giɓin da ke cikinsa, ko kuma adalci na buƙatar a biya. Idan motar kamfani ce ta kai mai raunin asibiti, ko kamfanin ne ya biya kuɗin maganin ranar farko, da wuya a ce ba a sani ba. Rasit ɗin asibitin da sunan direban da ya kai shi sun isa zama hujja.

Takardar hukunci da ƙidayar kwana 180

Abu na farko da za a duba a takardar hukunci shi ne kwanan watan da ke samanta. Dokar ta ce a shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwana 180 daga ranar da aka yanke hukuncin, wanda ya wuce haka kuma ya rasa damarsa. Ƙidayar tana farawa daga ranar da ke kan takardar, ko da kuwa sai bayan makonni ta iso hannun mai ita. Hukuncin da ke ɗauke da ranar 1 ga Maris, wa'adinsa zai cika ranar 28 ga Agusta.

Wata shida kan yi kama da lokaci mai tsawo, amma ga mai jinya da ke jiran ganin ƙwararren likita a asibitin koyarwa, kwanakin kan ƙare ba tare da ya ankara ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a shigar da gajeriyar wasiƙar ƙin amincewa tun a makonnin farko, a bayyana a cikinta cewa ƙarin hujjoji na nan tafe. Da zarar an karɓi wasiƙar an buga mata hatimi, mutum ya tsira daga matsalar wa'adi.

Idan da baki aka shaida wa mutum cewa buƙatarsa ba ta yi nasara ba, ko ta wayar tarho, ko ta bakin wani jami'in kamfani, to ya rubuta wasiƙa ya nemi a ba shi hukuncin a rubuce tare da dalilansa. Maganar baka ba ta da kwanan wata, kuma tana da wuyar tabbatarwa a kotu. Haka nan alkawarin wani jami'i cewa zai gyara lamarin ta cikin gida ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin.

Abin da wasiƙar ƙorafi za ta ƙunsa

Ana aika wasiƙar ga hukumar gudanarwar asusun ta hannun ofishin da ya duba buƙatar. A samanta a rubuta cikakken suna kamar yadda yake a fom ɗin farko, da lambar fayil, da sunan wurin aiki, da ranar haɗari, da ranar hukuncin da ake ƙalubalanta. Daga nan a faɗi ƙarara cewa ana neman a sake duba hukuncin a ƙarƙashin sashe na 55.

Wasiƙar da ta cika da bayanin wahalar da iyali ke sha ba ta sauya hukunci, duk da cewa wahalar gaskiya ce. Wadda ke tasiri ita ce mai ɗaukar dalilan hukumar ɗaya bayan ɗaya tana ba kowanne amsa da takarda.

Idan dalilin shi ne raunin bai da alaƙa da aiki, a kawo jadawalin aiki na ranar, da rajistar shiga da fita, da bayanin abokan aikin da suka shaida abin a rubuce da sa hannunsu. Idan haɗarin mota ne, a haɗa da rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, a kuma nuna cewa hanyar ita ce ta zuwa aiki ko komawa gida.

Idan dalilin shi ne mutum na da wata lalura tun kafin haɗarin, wannan ba ya soke haƙƙinsa. Doka ta tanadi a biya diyya gwargwadon ƙarin naƙasar da sabon raunin ya jawo. Abin da ake buƙata shi ne likita ya bambanta halin da mutumin ke ciki kafin haɗarin da bayansa.

Idan dalilin shi ne makara, a bayyana abin da ya jawo ta da takardun asibiti: ranar kwanciya, ranar sallama, da tsawon lokacin da mutum ya yi bai san inda kansa yake ba ko bai iya motsi ba.

A ƙarshen wasiƙar a jera takardun da aka haɗa, kowacce da lambarta, sannan a faɗi abin da ake nema a fili, ko amincewa da buƙatar ne, ko sake auna girman naƙasar, ko biyan bashin watannin baya.

Rahoton likita

Rahotanni da yawa sukan faɗi sunan ciwo su tsaya. Rahoton da ya ce an yanke yatsu uku na hannun dama bai gaya wa mai duba fayil ko mutumin zai iya komawa aikinsa ba. Asarar yatsu uku ga mai gadi daban take da asararsu ga makaniki ko tela ko mai aikin walda.

Ya dace mai ƙorafi ya roƙi likitansa ya bayyana abubuwa huɗu: yanayin raunin da alaƙarsa da haɗarin, ko naƙasar ta dindindin ce ko akwai alamar warkewa, ayyukan da mutumin ba zai ƙara iya yi ba, da kuma maganin da zai ci gaba da buƙata. Ya kamata ya bayyana wa likitan yadda aikinsa yake dalla-dalla, kamar nauyin da yake ɗagawa, da awannin da yake yi a tsaye, da kayan aikin da yake riƙewa. Rahoton ya kasance a kan takardar asibiti, da suna da sa hannu da hatimin likitan, tare da hotunan ƙashi da sakamakon gwaje-gwaje.

Hukumar na iya neman likitan da ta amince da shi ya sake duba mutum. Bai kamata a ƙi zuwa ba, domin ƙin zuwa na iya jawo dakatar da biya. A wurin binciken, mutum ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki. Al'adar amsa gaisuwa da "da sauƙi" tana da kyau a zaure, amma a gaban likitan da ke auna naƙasa takan sa a rubuta abin da bai kai haƙiƙa ba. Ƙarin gishiri shi ma yana cutarwa, domin idan bayanin baki ya saɓa wa hoton ƙashi, sauran maganganun mutum sukan rasa daraja.

Waɗanda suka fara zuwa wurin mai ɗori kafin asibiti sukan fuskanci giɓi a takardunsu. Duk wanda ya ji rauni a bakin aiki, ya tabbata ya je asibiti a ranar ko washegari an buɗe masa kati, ko da yana da niyyar neman magani a wani wuri daga baya. Wannan kati shi ne shaidar farko da ke haɗa raunin da ranar haɗarin.

Saɓanin suna da ranar haihuwa

Wata matsalar da ke addabar masu neman haƙƙi a ofisoshi ita ce bambancin suna a takardu. Mutum ɗaya zai kasance Muhammadu a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Mamman a katin asibiti. Wani yana amfani da sunan garinsu a matsayin suna na uku a wata takarda, da sunan kakansa a wata. Mace takan sauya zuwa sunan miji a banki, alhali fayil ɗin aikinta na ɗauke da sunan mahaifi. Ga kwamfuta, waɗannan mutane ne daban-daban, kuma kuɗi ba ya shiga asusun da sunansa bai dace da na fayil ba.

Gyaran yana farawa da zaɓar suna guda, wanda ya fi dacewa ya zama na lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Daga nan a yi takardar rantsuwa a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, a buga sanarwa a jarida idan sauyin suna ne, sannan a kai kwafi ga banki domin gyara bayanan BVN, da wurin aiki, da kuma hukumar. Idan kuskuren a NIN ɗin yake, Hukumar Kula da Katin Shaidar Ɗan Ƙasa ce ke gyarawa. Saɓanin ranar haihuwa kuwa yana buƙatar takardar haihuwa ko takardar tabbatar da shekaru daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wannan na da muhimmanci domin shekarun ma'aikaci suna shiga lissafin tsawon lokacin da za a riƙa biyansa.

Gyaran takardu yakan ɗauki makonni. Kada a jira ya kammala kafin a shigar da ƙorafi. A shigar, a haɗa da shaidar cewa an fara gyaran.

Idan aka ce fayil ya ɓace

Kariya daga ɓatan takardu ita ce kwafin shaidar karɓa. Duk takardar da za a miƙa a ofis, a je da kwafi biyu, a nemi mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata ya sa hannu a kan ɗaya, a dawo da ita gida. Idan ta gidan waya ko kamfanin aika saƙo aka tura, a adana rasit. Kada a miƙa asalin takarda sai an tilasta, idan kuma aka karɓa a nemi shaida a rubuce. Yana da kyau a ɗauki hoton kowace takarda da waya a tura wa wani amintacce, saboda gobara ko ambaliya ko ɓatan wayar.

Ƙaramin littafi ma yana da amfani. A riƙa rubuta ranar kowace ziyara, da sunan jami'in da aka gani, da abin da ya faɗa. Wanda aka ce masa fayil ya ɓace, idan yana da kwafi mai hatimi sai ya rubuta wasiƙa ya haɗa sabon kwafin komai, ya nemi a ci gaba da aiki da ranar farko da ya shigar.

Akwai dokoki biyu da ke taimakawa idan ofis ya yi shiru. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, tare da damar ƙarin wasu bakwai a wasu yanayi, kuma mai nema ba ya buƙatar faɗin dalilinsa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ba kowa haƙƙin ganin bayanan da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da su a kansa, da neman a gyara kuskuren da ke ciki. Da waɗannan dokoki mutum zai iya neman kwafin rahoton da aka dogara da shi wajen yanke masa hukunci.

Idan wurin aiki ya ƙi ba da haɗin kai

Shugabannin asusun sun sha kokawa cewa masu ɗaukar ma'aikata da dama ba sa yin rajista ko ba sa biyan kasonsu. Sau da yawa ma'aikaci ba ya sanin haka sai bayan ya ji rauni. Wasu wuraren aiki kuma sukan ƙi cike nasu ɓangaren na fom, ko su musanta cewa mutumin ma'aikacinsu ne, musamman idan lebura ne ko wanda aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila.

A irin wannan hali, kada ma'aikaci ya zauna jiran kamfani. Ya kai rahoto da kansa ofishin asusun mafi kusa a rubuce, ya kuma sanar da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa. Shaidar aiki ba sai takardar ɗaukar aiki ba. Katin shaida na kamfani, da saƙonnin banki na shigar albashi, da takardun albashi, da hotuna cikin rigar aiki, da saƙonnin waya daga mai kula da aiki, duk suna nuna alaƙar.

Wani abin da ke faruwa shi ne a zo wa mai jinya da 'yan kuɗi a asibiti tare da takardar da zai sa wa hannu cewa ya yafe duk wani haƙƙi. Dokar ta hana ma'aikaci yin yarjejeniya da mai ɗaukarsa aiki kan barin diyyarsa, ta kuma ce irin wannan yarjejeniya ba ta da inganci. Duk da haka, mafi alheri shi ne kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta ba, har sai wani mai ilimi daga cikin dangi ko lauya ya duba ta.

Inda za a samu taimako

Ma'aikacin da ke cikin ƙungiyar ƙwadago ya fara da reshen ƙungiyarsa, domin shugabanninta sun san jami'an wurin aiki kuma wasiƙarsu tana da nauyi.

Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a, wadda ke da ofisoshi a jihohi, tana ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi. Dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikata a cikin shari'o'in da take ɗauka, kuma ma'aunin cancanta shi ne kuɗin shigar da bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana binciken jinkiri da sakaci a ofisoshin gwamnati da kamfanoni ba tare da karɓar kuɗi ba. Tana da iyakoki: ba ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwa, ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma shawara take bayarwa. Ta fi amfani wajen motsa fayil ɗin da ya kwanta, kuma zuwa wurinta ba ya maye gurbin wasiƙar da doka ta ce a shigar cikin kwana 180.

Akwai kuma Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019. Ta ba mai naƙasa haƙƙin a fara sauraronsa a layi, ta kuma kafa hukumar ƙasa da ke kula da al'amuransu da ba da takardar shaidar naƙasa. Wannan takarda ba ita ce ke tabbatar da diyya ba, amma tana ƙarfafa fayil.

Matakin kotu

Doka ta ba hukumar kwana 180 ta kammala duba ƙorafin da aka shigar. Idan sakamakon bai gamsar ba, mataki na gaba shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya shigo ta gyara na uku, ya ba wannan kotu ita kaɗai hurumin sauraron shari'o'in da suka taso daga Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata. Shigar da ƙara a wata kotun daban ɓata lokaci da kuɗi ne. Hedikwatarta na Abuja, tana kuma da rassa a birane da dama, ciki har da Kano da Kaduna da Jos da Legas. Tana da cibiyar sasanci da alƙali kan iya tura masu shari'a domin su daidaita ba tare da doguwar taƙaddama ba.

A wannan mataki ana buƙatar lauya, kuma da wuri. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ƙayyade wata uku domin shigar da ƙara a kan hukumomi a wasu al'amura, kuma lauyoyin hukumomi sukan kafa hujja da ita. Wanda ya karɓi sakamakon ƙorafinsa, ya kai shi wurin lauya a makon da ya karɓa.

Abin da lauyan zai fara tambaya shi ne takardu: hukuncin farko, da wasiƙar ƙorafi mai hatimi, da rahoton likita, da shaidar albashi. Wanda ya adana su tun daga ranar haɗari zai shiga kotu da ƙarfinsa. Saboda haka masu lafiya ma suna da abin yi tun yanzu: su tambayi wurin aikinsu ko ya yi rajista da asusun kuma ko sunansu na cikin jerin ma'aikatan da aka miƙa, su daidaita sunayensu a NIN da banki da fayil ɗin aiki, su kuma nuna wa wani a cikin iyali inda suke ajiye takardunsu.